Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kamfanonin Manhajar Ɗaukar Fasinja da Ke Aiki a Zariya

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto muku wannan wasiƙa direbobi ne da ke ɗaukar fasinja ta manhajojinku a Zariya da Sabon Gari, da wasu masu motocin da ake kawo wa balas, wato kuɗin da direba ke kai wa mai mota, da bakanikan da ke gyara motocin. Mun fito da maganar fili ne saboda ta fi ƙarfin ɗan akwatin ƙorafin da ke cikin manhaja.

Abin da kuke tallata wa direba ɗaya ne: kai ne ogan kanka, ka fito sa'ad da ka ga dama, ka tashi sa'ad da ka ga dama. Rabin farkon gaskiya ne, kuma ba ma raina shi. Direban manhaja yana kashe waya ya bi jam'i, ya je jana'iza, ya kai matarsa awo, da damina ya leƙa gona, ba ya neman izinin kowa. Ba ya zaman jiran layi a tasha, ba ya cacar baki da fasinja a kan ciniki. Ma'aikacin gwamnati da ya taso aiki ƙarfe huɗu yana iya yin awa uku ya samu na cefane. Saboda wannan ne mutane da yawa suka shigo sana'ar, saboda shi ne kuma suke daurewa.

Rabin na biyu ne ke da magana. Direba ne ke zaɓen lokacin da zai kunna waya, amma lissafi ne ke gaya masa lokacin da zai kashe ta, lissafin nan kuwa a hannunku yake. Ku kuke yanka farashi, ku kuke yanke kamasho, ku kuke zaɓen wanda kira zai shiga wayarsa. Don haka idan kuna maganar 'yancin direba, sai ku fara tambaya wane direban. Akwai mai motar kansa da ke da wani albashin, wannan 'yancinsa cikakke ne. Akwai mai motar kansa da ba shi da wata hanya sai wannan, shi yana iya hutun kwana ɗaya amma ba biyu ba. Sai na ukun, wanda motar ta wani ce, yana kai balas kullum ko duk mako, ko yana biyan kuɗinta kaɗan-kaɗan da sharaɗin in ya yi fashi a karɓe. Wannan da bashi yake wayar gari kafin ya tada mota.

Bari mu yi lissafin tafiya ɗaya. Alkaluman misali ne, mun daidaita su don sauƙin ƙirga, kowa ya sa farashin yau a gurbinsu. Direba yana tsaye a Kwangila, kira ya shigo daga wuri mai nisan kilomita 4. Ya je ya ɗauko, ya kai fasinja kilomita 10, ya sauke shi a unguwar da ba a cika kira daga can ba, sai ya dawo kilomita 6 babu kowa kafin ya iso inda ake samun aiki. Manhaja ta ƙirga 10, mota kuwa ta yi 20. Corolla irin wadda aka fi ja a nan, a cikin gari da tsaye-tsaye, kilomita 10 take ci a lita in injinta na da lafiya. Lita biyu ke nan. In lita naira 1,000 ce, mai ya ci 2,000. A ce kuɗin tafiyar 4,000 ne, kamasho kashi 20 cikin 100 ya ɗauke 800. Saura 1,200. Mai motar kansa in yana da hankali zai ware aƙalla naira 30 a kowace kilomita don gyara, 600 ke nan, ya tashi da 600. Lokaci fa? Minti 10 zuwa ɗauko, 5 jiran fasinja ya fito, 25 tafiya, 30 dawowa da jiran wani kiran, jimla minti 70. Shi kuwa mai kai balas, ko da babban gyara na mai mota ne, in balas ɗinsa 6,000 ne a rana, tafiya biyar ɗin farko ba tasa ba ce. Kusan awa shida yana aiki bai fara neman na kansa ba. Wanda ya gane wannan ba zai yi mamakin ganin direba ya fito bayan asuba yana kan titi har goman dare ba.

Kilomitan nan da ake yi babu fasinja su ne ke cin sana'ar a Zariya, saboda yadda garin yake a warwatse. Samaru na can, asibitin koyarwa na Shika ya wuce ta, Birni na wancan gefen, Sabon Gari da PZ da Tudun Wada a tsakiya, ga Wusasa da Ɗanmagaji, ga Basawa da Dogarawa. Aikin kuma gefe ɗaya yake gudana a kowane lokaci: da safe ana tururuwa zuwa Samaru da Shika da Kongo, da yamma a juyo. Wanda ya kai majinyaci Shika da azahar sau da yawa shi kaɗai zai dawo. Farashin da aka ɗora a kan garin da kira ke jiran direba a duk inda ya sauke fasinja ba zai yi daidai da nan ba. Ƙari a kan haka, kasuwarmu ta ɗalibai ce. Jami'ar Ahmadu Bello, babbar makarantar horar da malamai ta Gyallesu, kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, makarantar koyon tuƙin jirgin sama, su ne ke riƙe da ita. In aka yi hutu kira ya ragu, in aka shiga yajin aiki irin na ASUU a 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sai kasuwa ta kwanta, balas kuwa ba ya zuwa hutu.

Abin da muke nema a nan ba shi da wuyar aiwatarwa, domin duk alkaluman suna cikin na'urarku. In nisan zuwa ɗauko fasinja ya wuce kilomita 2, a sa wa abin da ya ƙaru kuɗi. In fasinja ya ajiye direba a ƙofar gida fiye da minti 5, agogo ya fara ƙirgawa. Kafin direba ya karɓi kira, a nuna masa inda za a je, da nisan, da abin da zai shiga aljihunsa bayan kamasho, kada kuma a rage masa maki don ya ƙi tafiyar da lissafinta bai fita ba. In kun yi wa fasinja rangwame don jawo kasuwa, daga aljihunku ya fito, a biya direba cikon a ranar, ba ƙarshen mako ba, domin gidan mai ba ya ba da bashi. Farashi kuma a ɗaure shi da na fetur: duk lokacin da lita ta motsa da kashi 10 cikin 100, a sake lissafi cikin mako guda. Kowa ya ga abin da ya faru bayan 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar da ba ta kai 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A kowane tashi direba ne ya riƙa cike giɓin kafin farashin manhaja ya biyo baya.

Akwai kuɗin da ba ya fitowa a allon waya sam, shi ne na tsufan mota. Motar da ke yin kilomita 150 a rana, kwana shida a mako, ta yi 900. Juyen baƙin mai ana yin sa ne duk kilomita 5,000, wato ƙasa da mako shida, kusan sau tara a shekara, kowane juye wajen lita huɗu da sabuwar filta. Motar gida sau biyu ko uku take yi. Da hunturu ƙura tana toshe filtar iska, in ba a kaɗe ta duk mako ba mota ta ƙara shan mai direba bai san dalili ba. Da damina ramuka su cinye shokozoba da bushin da boljoyin, ƙafar mota ta fara ƙara, taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. A zafin Maris da Afrilu fasinja na son a kunna masa sanyi, yana da gaskiya, amma sanyin mai yake sha, kuma fankar lagireto da ta gaji a cunkoson PZ take nuna halinta. Abin da bakanike ke gani kullum shi ne direban da ya matsu yana ɗage juyen mai zuwa 8,000, yana sayen tayar gwanjo ba tare da duba lambobi huɗun da ke gefenta masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta ba, yana tafiya da burkin da ya fara kuka. Ba rashin sani ba ne. Kuɗin da ya kamata ya ware ne ya tafi a cefane. Ranar da injin ya buga, aikin wata biyu ya tafi a zama ɗaya, kuma wannan fargabar tana tare da shi a kowace tafiya.

Sai maganar taurari, wato makin da fasinja ke ba direba bayan tafiya, da rufe asusu, wadda a ganinmu ta fi komai hana direba barci. Ku yi lissafin da kanku: in fasinja ɗaya ya ba da tauraro ɗaya, sai an samu mutum 19 sun ba da biyar-biyar kafin matsakaicin ya koma 4.8. Me ke jawo tauraro ɗayan? Sau da yawa direba ya ƙi ɗaukar mutum shida a motar mutum huɗu, ko ya ƙi shiga lungun da mota ba za ta iya juyawa ba a cikin Birni, ko alamar taswira ta faɗi a bayan gida alhali ƙofar na wani layin. Yawancin unguwanninmu ba a kwatance da sunan titi da lambar gida, da masallaci ake yi, da mai shayi, da gidan wane. Direba zai kira sau uku da katinsa, fasinja ya gaji ya soke, laifin ya hau kan direba. Ba mu ce kowane direba mai gaskiya ba ne. Akwai mai ƙazantar mota, akwai mai baƙar magana, akwai mai ba wani hayar asusunsa, wanda wannan haɗari ne ga fasinja kuma muna goyon bayan a hukunta shi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya wayi gari an rufe masa asusu da saƙo mai layi biyu cikin Turanci, ba a gaya masa wace tafiya ba ce, ba a ji ta bakinsa ba, ga balas na jiransa da yamma. Dokar Kare Bayanan Sirri ta Nijeriya ta 2023, a sashe na 37, ta ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi ta na'ura kaɗai, da haƙƙin neman ɗan Adam ya duba. Muna so wannan ya zama aiki: a faɗi laifin, a ba direba damar amsawa, mutum mai jin Hausa ya saurare shi cikin awa 48, in kuma aka gano ba shi da laifi a biya shi kwanakin da ya rasa. Ƙorafin da ya shafi cin zarafi ko barazana ga rai daban ne, a nan a dakatar nan take a yi bincike.

Mun san za ku kawo maganar direbobin da ke cewa fasinja ya soke kiran su yi ciniki a baki. Ana yi, kuma ba ma kare shi. Da zarar an soke, babu mai bibiyar inda motar take, babu shaidar tafiyar in wani abu ya faru, direba da fasinja duka sun tsaya a fili. Amma ku duba a wace tafiya aka fi yin sa: doguwa, mai dawowa babu kowa, wadda kamashon 20 ko 25 cikin 100 ke cinye ribarta. In an gyara lissafin can sama, yawancin wannan zai mutu da kansa, ba sai an bi mutane da rufe asusu ba.

Ta fuskar tsaro ma ma'aunin bai daidaita ba. Direba ya ba da lasisi, da hotonsa, da takardun mota, wani lokaci har a duba motar. Fasinja kuwa lambar waya ce kawai da sunan da ya ga dama. Tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, don haka tantance fasinja ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Aƙalla kiran dare, daga ƙarfe tara zuwa asuba, da duk tafiyar da za ta fita gari, hanyar Kaduna ko Funtuwa ko Kano, kada ya shiga wayar direba sai daga asusun da aka tantance da hoto. In wani ne ya kira wa wani motar, a rubuta. Alat na bogi kuma ya zama ruwan dare: fasinja ya nuna allon waya ya sauka, kuɗi bai shigo ba, amma kamashon tafiyar ya hau kan direba. In direba ya kawo shaidar bankinsa, a ɗauke masa kamashon, a kuma rufe wancan asusun kamar yadda ake rufe nasa.

Jikin direba shi ne abin da ba a lissafawa sai ya kwanta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17, in aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Mai yin awa 12 kwana shida ya yi 72. Zaman kujera na tsawon yini yana kawo ciwon baya da na wuya, musamman ga mai zama a kan walat a aljihun baya ko mai kwantar da kujera yana miƙa hannu. Direba yana rage shan ruwa don kada fitsari ya matsa masa yana tsakiyar aiki, yana kuma riƙe fitsarin, a garin da zafi ke kusantar 40, daga nan ciwon mara da tsakuwar ƙoda suke farawa. Abinci sai abin da aka samu a bakin titi, a makare. Barci in ya taso a kore shi da goro da lemon ƙarin kuzari, wasu har da ƙwaya, wanda wannan musiba ce daban. Gyangyaɗi ya fi kama direba bayan azahar da kuma tsakiyar dare zuwa asuba, da azumi abin ya ninka saboda ga tashin sahur ga cunkoson gab da shan ruwa. Ita kanta wayar matsala ce: kira na shigowa ana tafiya, an ba direba 'yan daƙiƙoƙi ya karɓa. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa. Kallon allo na daƙiƙa uku mita 40 ne da ɗoriya babu mai kallon titi, a garin da ke cike da Keke da babura da 'yan makaranta.

Za ku iya cewa maganin shi ne manhaja ta rufe kanta bayan awa kaza. Muna so, amma ba ita kaɗai ba. In an rufe wannan alhali balas bai cika ba, direba zai kunna ta wani kamfanin ne, ko ya koma ɗaukar shata a bakin asibiti. Iyakar awa tana aiki ne in awa goma na ciyar da gida. Haka garaɓasar da ake cewa yi tafiya kaza kafin ƙarfe kaza ka samu kaza, ita ke sa wanda ya gaji ya ƙara biyu. A mayar da kuɗinta cikin farashin kowace tafiya ya fi. A sa maɓallin hutu na minti 20 da ba ya taɓa makin direba, don salla da cin abinci da miƙe ƙafa. Kada kira ya shigo sai mota na tsaye ko tana tafiya a hankali, ko a sa murya ta karanto shi.

Kuna kiran direba abokin hulɗa, ba ma'aikaci ba, kuma da wannan sunan ne babu fansho, babu hutun ciwo, babu diyyar rauni irin wadda Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanada ta hannun asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Ba a nan kaɗai ake wannan jayayya ba. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar Uber cewa direbobin da suka kai ƙara ma'aikata ne a idon doka, kuma lokacin aikinsu ya haɗa da sa'ad da manhaja ke kunne suna jiran kira. Dokarsu ba tamu ba ce, kuma da yawa cikinmu ba sa son a mayar da su masu sa hannu a rajista safe da yamma. Amma akwai abin da za a iya yi ba tare da an jira kotu ba. Inshorar dole da aka ƙara kuɗinta daga 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023 ga ƙananan motoci, wanda aka buge take biya, ba ta biyan direba ko motarsa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihar Kaduna na da hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kuma ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu tun 2019. Duk hanyoyin suna nan, abin da ya rage shi ne mai tarawa. Ku ne kuke da hanyar cire kuɗi daga kowace tafiya. Ku ware wani abu daga cikin kamashon da kuke karɓa, ba ƙari a kansa ba, ga duk direban da ya kai wani adadin tafiye-tafiye a wata, a zuba masa a inshorar lafiya da fansho da sunansa, ta yadda in ya bar ku zai tafi da abinsa.

Muna neman zama da ku a nan Zariya, ba ta waya ba, tare da wakilan ƙungiyar direbobin manhaja ta ƙasa, AUATON, wadda ta samu rajista a 2023, da wakilan masu motoci. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, NITT, tana nan a hanyar Basawa, ga masana tattalin arziki da na lafiyar al'umma a Jami'ar Ahmadu Bello, ana iya roƙon su duba alkaluman a matsayin waɗanda ba su da ɓangare. Ku zo da bayanan wata guda na lokacin karatu da wata guda na lokacin hutu, ba tare da sunan kowa ba: awa nawa direba ke kunne, nawa daga ciki yake ɗauke da fasinja, kilomita nawa yake yi zuwa ɗauko, asusu nawa aka rufe da dalilin kowanne. Mu kuma za mu zo da rasiɗan mai da na gyara da littafin balas.

Wassalam.

Daga wasu direbobin manhaja, masu motoci da bakanikai,
Zariya da Sabon Gari, Jihar Kaduna.